Murmushin Sarauniya, Na Waye?

Idan aka ambaci gasar sarauniyar kyau a gabanmu, hankalin kowa kan dare ɗaya yake tafiya, daren da 'yan mata ke jeruwa a kan dandamali alƙalai na ba su maki kamar ana taya raguna ana gobe Sallah. Muna da dalilinmu. Wanda ya mallaki hankalinsa a watan Nuwamban 2002 bai manta abin da ya faru a Kaduna ba, lokacin da aka kawo gasar Miss World Najeriya, rayuka sama da 200 suka salwanta, aka kwashe gasar aka kai Landan. Mu ma nan Nijar, shekara biyu kafin nan, bukin nuna tufafi na FIMA ya tayar da ƙura a Yamai da Maraɗi. Hukuncin wancan dare malamai sun yi bayaninsa, ni ba ni da ja, kuma ba zan so in ga ƙanwata a wannan layi ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayan gari ya waye, an kashe fitilu, 'yan kallo sun watse, an bar yarinya da kambi a ka.

A Amurka, inda wannan harka ta fi kafuwa, kowace jiha tana da sarauniyarta. Kai, har biyu ma, domin manyan gasannin ƙasar biyu ne, Miss America da Miss USA, kowace da rassanta a jihohi 50 da birnin Washington. Yarinya takan fara daga gasar garinsu, ta haye ta jiha, sannan ta je ta ƙasa. A ta ƙasa mutum ɗaya ce ke ci. Sauran su koma gida da kambinsu da ƙyallen nan mai ɗauke da sunan jiha, wanda ake ratayawa daga kafaɗa zuwa ƙugu, irin wanda magajin gari ke sawa a nan ranar buki. Ba hutu suke komawa yi ba. Aiki ne na shekara guda cur, da takardar yarjejeniya da aka sa wa hannu.

Da safe tana makarantar firamare tana karanta wa yara littafi. Da hantsi tana yanke ƙyallen buɗe sabon kanti, ko tana tsaye a harabar dillalin motocin da ya ba ta aron motar da take yawo da ita. Da la'asar tana asibitin yara, ta durƙusa gaban gado ana ɗaukar hoto. Da dare tana liyafar tara kuɗi, ko tana filin wasa tana rera taken ƙasa kafin a take ƙwallo. Ranar 4 ga Yuli, bukin 'yancin kansu, tana zaune a bayan buɗaɗɗiyar mota tana ɗaga wa jama'a hannu cikin rana. Ga baje kolin amfanin gona, ga gidajen tsofaffi, ga taron tsofaffin sojoji. Mai son ta halarci sabgarsa ba ita yake kira ba, ofishin gasar yake nema, a duba jadawali, sau da yawa kuma a yanka masa abin da zai biya. A jihar Birjiniya, hukumar da ke riƙe da shagunan sayar da barasa ce ke ɗaukar nauyin zagayen da sarauniyar jihar ke yi a makarantu tana jan kunnen yara game da shaye-shaye. Wannan kam ko ni sai da na yi dariya, mai giya ya ɗauki nauyin wa'azin barinta. Da yawansu sukan jingine karatu ko aiki har shekarar ta ƙare. Gasar Miss USA sai a 2023 ta buɗe ƙofa ga matan aure da masu 'ya'ya. Ko abin da yarinyar za ta wallafa a Instagram akwai ido a kansa.

A duk wuraren nan abu ɗaya ake nema a wurinta, wato fara'a. Ko ta yi barci ko ba ta yi ba, ko kanta na ciwo, ko daren jiya ta yi faɗa da mahaifiyarta, yaron da ke kwance a gado na goma sai ya samu irin murmushin da na gado na farko ya samu. To, ya mai karatu, murmushin da aka sa wa hannu a takarda, aka yanka masa farashi, aka rubuta masa ƙarfe nawa zai fara ƙarfe nawa zai ƙare, alheri ne ko munafunci?

Mai cewa munafunci ne yana da tarihi a bayansa. Gasar Miss America ba don marasa lafiya aka kafa ta ba. 'Yan kasuwar Atlantic City ne, wani garin bakin teku a jihar New Jersey, suka ƙirƙiro ta a 1921, don masu yawon shaƙatawa su ƙara kwanaki bayan hutun ma'aikata na farkon Satumba, otal-otal su ci gaba da ciniki. Wadda ta fara ci, Margaret Gorman, shekarunta 16. Tallafin karatu sai a 1945 aka shigo da shi. Sharaɗin cewa kowace 'yar takara ta zaɓi wata matsalar al'umma da za ta yi wa hidima kuwa sai a 1989. Saboda haka mai shakka zai ce kasuwa ce aka fesa wa turaren sadaka, kuma sadakar da mai hoto ke biye da ita a baya sunanta riya.

Na daɗe ina kan wannan ra'ayi. Abin da ya girgiza ni ba karatu ba ne, rasuwa ce.

Ina gabatar da shirin gaishe-gaishe na daren Juma'a, irin wanda ake bugo waya a gai da 'yan uwa a zaɓi waƙa. Wata Juma'a, saura kamar minti goma sha biyar in shiga, aka kira ni aka ce gwaggona da ta riƙe ni tun ina 'yar shekara shida ta cika. Babu wanda zai canje ni, abokin aikina ya yi tafiya, motar garinmu kuma sai da asuba. Na wanke fuska, na zauna, jar fitila ta kama, na yi sallama da muryar da aka san ni da ita. Awa biyu ina raha, ina tsokanar masu kira, ina tambayar amare yaya girki. Can wajen ƙarshe wata tsohuwa ta bugo daga wani ƙauye, ta ce: "'Yata, ba kowa zan gaida ba, ke zan gaida. Tun da yarona ya tafi Libiya, muryarki ce ke taya ni kwana." Na ce: "Allah ya dawo mana da shi lafiya, Iya," na yi dariya, na sa mata waƙa. Da aka kashe fitilar ban iya tashi daga kujerar ba.

Makonni na yi ina jin kamar na ci amanar mutum biyu, gwaggo da na yi dariya a daren mutuwarta, da tsohuwar da na sayar wa farin cikin da ba ni da shi. Daga baya na tambayi kaina, wai ƙaryar me na yi wa tsohuwar nan? Ta ce ina taya ta kwana, kuma na taya ta. Ba ta bugo don ta ji labarin zuciyata ba. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma ina ganin ba mu cika lura da kalmar da suka zaɓa ba. Shimfiɗa abu ce da ake yi da gangan. Tabarma ba ta shimfiɗa kanta. Baƙo ya yi sallama, kin tashi kin ɗauko ta kin kakkaɓe kin shimfiɗa, ko ranki na so ko ba ya so, kuma babu wanda ya taɓa kiran wannan munafunci. Mutum na kwance da zazzaɓi ka ce "ina kwana" ya ce "lafiya lau", kai ka san ba lafiya ba, shi ya san ka sani, babu wanda aka yaudara. Ungozoma da ta kwana a tsaye takan yi wa mai naƙuda ta biyar magana mai daɗi kamar ta farko, mukan ce mata mai haƙuri, ba mu ce mata makira.

Yarinyar da ke durƙushe gaban gadon asibiti a Alabama ko Ohio shimfiɗa take yi. Yaron da ta ɗora wa kambinta a ka na minti biyu ya yi murna ta gaske, murnarsa ba ta jira sai an binciki niyyarta. Wani lokaci ma amfanin yakan wuce minti biyun. A 2014 Sierra Sandison ta ci sarautar jihar Idaho da na'urar da ke tura mata maganin ciwon suga maƙale a jikinta, a fili, ba ta ɓoye ba. Hoton ya bazu, yara da manya masu irin wannan lalura suka riƙa sa hotunansu a intanet da nasu na'urorin. Duk wanda ya san yadda yaro ke jin kunyar cutar da ta bambanta shi da sa'o'insa ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne. Heather Whitestone ta jihar Alabama, wadda ta ci ta ƙasa a Satumban 1994, kurma ce tun tana jaririya, kuma iyayen kurame sun samu abin nuna wa 'ya'yansu.

Batun riya kuma, ni dai na ji tsoron yanke hukunci. Niyya tsakanin bawa da Ubangijinsa take. Na san yarinyar tana neman kuɗin makaranta, tana neman suna, tana neman ƙofar da za ta buɗe mata gaba. Ni ma albashi ake biya na, kuma ina jin daɗi idan aka gane muryata a kasuwa. Idan sai niyya ta tsarkaka tas kafin a yi wa wani alheri, da asibitoci sun zama kufai. Addininmu ma bai hana bayyana sadaka ba, ya dai fifita ɓoye ta.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, amma ba laifinta ba ne, na 'yan kallo ne. A Satumban 2015 Kelley Johnson, sarauniyar jihar Colorado, ta hau dandamali da kayan aikinta na jinya, maimakon waƙa ko rawa ta ba da labarin wani majinyacinta mai cutar mantuwa. Ƙasar ta ɗauka, aka yi ta zancen darajar ma'aikatan jinya, musamman bayan wasu masu shirin talabijin sun yi mata ba'a. To dubban ma'aikatan jinya da ke faɗin irin wannan magana kullum ba tare da kambi ba fa, wa ya saurare su? Mu ma haka muke. In ana son mata su fito rigakafi, mawaƙi ake kawowa gidan rediyo, malamar asibitin da ta shekara ashirin tana yi a ba ta minti uku a ƙarshe.

Inda na ga zalunci na gaske wani wuri ne dabam. Tabarma, mai ita ke shimfiɗawa, mai ita kuma ke naɗewa. Ranar da aka ce ba ki da ikon naɗe tabarmarki, ba karamci kike yi ba kuma, ke ce tabarmar.

Tarihin gasar cike yake da matan da suka gwada naɗewa. Bess Myerson ta birnin New York, wadda ta ci a 1945, Bayahudiya ce. An ba ta shawarar ta sauya suna zuwa wanda ba zai nuna asalinta ba, ta ƙi. Wasu kamfanonin da suka saba tallata kayansu da sarauniya suka juya mata baya, ita kuma ta koma zagayen makarantu tana magana a kan ƙyamar jinsi da addini. Yolande Betbeze ta jihar Alabama, wadda ta yi karatu a makarantar 'yan Katolika kuma ta koyi waƙar opera, ta ci a 1950, ta ce ba za ta yi yawon talla da rigar ninkaya ba. Kamfanin Catalina mai ɗinka rigunan ya janye kuɗinsa, ya je ya kafa nasa gasannin a 1952, su ne Miss USA da Miss Universe. Wato rabin wannan harka daga "a'a" ɗin mace ɗaya ya samo asali. Ita kuwa Miss America sai a 2018 ta daina zagayen rigar ninkayar, shekara 68 bayan Yolande.

Za a ce mini ai ta sa hannu, babu wanda ya tilasta ta, kuma sarautar ba tata ba ce, aro ce. Gaskiya ne, kuma ni ce ta ƙarshe da za ta musa. Makirufon da nake magana a ciki ba nawa ba ne. Ba ni da ikon in shiga shirin gaishe-gaishe in buɗe yaƙin neman zaɓen ɗan takarar da nake so, kuma idan na yi alkawarin zuwa ƙarfe tara na ƙi zuwa, an yi daidai a hukunta ni. Wanda ya karɓi aro ya karɓi sharaɗinsa. Sai dai akwai bambanci tsakanin a sayi lokacin mutum da a sayi lamirinsa. A ce mini kada in faɗi kaza a cikin shiri, wannan tsari ne. A ce in faɗi abin da na san ƙarya ne, ko a hana ni kuka idan an taka ni, wannan ya wuce abin da takarda ke iya halattawa, ko da na sa mata hannu da yatsu goma.

A aikace layin ba ya fitowa sarai haka. Dubi Carrie Prejean, sarauniyar Kalifoniya a 2009. A gasar Miss USA ta watan Afrilun shekarar wani alƙali ya tambaye ta game da auren jinsi, ta ce a ganinta aure tsakanin namiji da mace ne. Ta zo ta biyu. A watan Yuni aka tuɓe mata kambin jihar. Masu gasar suka ce ta saɓa yarjejeniya, ba ta halartar tarukan da aka tsara mata. Ita ta ce amsarta ce ta jawo mata. Ta kai ƙara, daga baya suka sasanta a wajen kotu. Idan maganarsu ce gaskiya, suna da hujja, don zuwa tarukan nan shi ne aikin kansa. Idan tata ce, an tambaye ta ra'ayinta ne a bainar jama'a sannan aka hukunta ta don ta faɗa. Na san yawancin masu karanta wannan za su tsaya mata, ni ma haka, domin amsarta ta dace da abin da muka yi imani da shi. Amma na tambayi kaina, da akasin haka ta faɗa, a wata jihar da ba a son ji, aka tuɓe ta, zan ce an zalunce ta? Na daɗe kafin in amsa, kuma jinkirin nan ya nuna mini cewa wani sashe na abin da nake kira kare 'yancinta, kare ra'ayina ne kawai.

A watan Mayun 2024 Noelia Voigt, wadda ta fito daga sarautar jihar Utah ta zama Miss USA, ta yi murabus, ta ce don lafiyar ƙwaƙwalwarta ne. Masu bin diddigi suka lura cewa in aka haɗa haruffan farko na jimlolin sanarwarta, suna ba da wata jimla ta Turanci mai nufin an rufe mata baki. Tana ƙarƙashin yarjejeniyar da ta hana ta bayyana abin da ya gudana. Kwana biyu bayan haka UmaSofia Srivastava, sarauniyar 'yan mata matasa, ita ma ta ajiye nata. Ba a rufe wata ba aka ɗora kambin Noelia a kan wadda ta zo ta biyu, 'yar jihar Hawaii. Jadawali bai tsaya ba. Ku duba fa, macen da aka ɗauka aiki don ta yi magana a makarantu da asibitoci, ana zaton sai da ta ɓoye kukanta a cikin haruffa kamar fursuna mai aika saƙo a cikin tuwo.

Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce Cheslie Kryst. Lauya ce, tana taimaka wa fursunoni kyauta, ta ci sarautar North Carolina, ta zama Miss USA a 2019, ta koma aikin talabijin. A ƙarshen Janairun 2022 ta hallaka kanta tana da shekara 30. Mahaifiyarta ta ce ta daɗe tana fama da ciwon damuwa, tana ɓoyewa har ga na kusa da ita. Ba zan ce kambi ne ya kashe ta ba, ciwon damuwa ba ya tambayar sana'a. Abin da zan iya cewa shi ne, wanda ya ƙware wajen shimfiɗa fuska shi ne na ƙarshe da ake tambaya ko lafiya. Mun ga hotunanta tana dariya, muka ɗauka mun ga ita.

Juma'ar da na dawo daga zaman makokin gwaggo, ban yi niyyar cewa komai ba. Sai mai kira na farko ya ce: "Malama, makon jiya ba mu ji ki ba, ko lafiya?" Na buɗe baki zan ce lafiya lau, sai na ji na ce gwaggona ce ta rasu. Daga nan layin bai huta ba. Babu wanda ya zaɓi waƙa. Direbobi, masu shayi, matan aure, wani daga Kano, wani daga Agadas, kowa "Allah ya jiƙanta, Allah ya ba ki haƙuri". Tsohuwar nan ma ta samu shiga. Ta ce: "Ashe daren nan da mutuwa a bakinki kike mini dariya? Haba 'yata, ai da kin faɗa." Ban san abin da zan ce mata ba, don har a lokacin ina ganin daidai na yi da ban faɗa ba, kuma ina ganin ita ma daidai ta faɗa.

Ranar Litinin shugaban sashenmu ya kira ni ofis. Ya yi mini gaisuwa sosai, har ya ba ni jika biyar in ƙara a sadakar arba'in. Sannan ya gyara zama ya ce masu ɗaukar nauyin shirin sun bugo, sun ce su gaishe-gaishe suka saya, ba zaman makoki ba, tallarsu ta fita sau huɗu a tsakiyar ta'aziyya. Ya ce a kiyaye gaba. Na ce to. Na karɓi kuɗin, na yi godiya, na fito ina yi masa murmushi.